Babi na Biyar: Masu Cin Rani da Waɗanda Rani Ya Ci

A ƙarshen watan Nuwamba, idan aka gama ɗaure damman gero aka jera a rumbu, aka sare dawa, aka yi roron wake, sai gonakin Sanyinna su yi tsit. Karan da aka bari ya bushe, shanu sun shiga suna kiwo a kai, hunturu ya fara busa leɓe yana tsaga ƙafa. An jingine hauya a bayan ɗaki. Daga nan har saukar ruwan shuka, a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, akwai wata shida zuwa bakwai da sama ba ta neman kowa da komai. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran kudancin jihar Sakkwato, wannan tazara ita ce babbar dukiyar talaka, kuma ita ce wadda ta fi saurin zubewa ba a ji ƙararta ba.

A 2021 wani marubuci ɗan Ingila, Oliver Burkeman, ya fitar da littafi a kan wani lissafi mai sauƙi: wanda ya shekara 80 a duniya, mako dubu huɗu da 'yan kai ya samu. Littafin ya karɓu domin mutane da yawa ba su taɓa ƙirga kwanansu haka ba. Manomin Sanyinna kuwa bai buƙaci a rubuta masa littafi ba, domin da damina yake lissafi. Wanda ya kama hauya sosai yana ɗan shekara 15, ya ajiye ta yana da 65, damina 50 ya gani. A cikinsu akwai ta fari, akwai ta fara, akwai wadda ciwo ya kwantar da shi ana tsakar noman farko. Ita damina ba ta barin mutum ya yi shawara: ruwa ya sauka, dole a yi shuka, ciyawa ta taso, dole a yi noma. Rani ne ke barin mutum da zaɓinsa, shi ya sa a nan ake gane bambancin mutane.

Tsohuwar amsar da mazan wannan yanki suka ba rani ita ce tafiya. Saurayi ya cusa kaya kala biyu a 'yar jakar bakko, uwa ta ƙulla masa gumba da ƙuli-ƙuli, ya durƙusa gaban mahaifinsa a zaure.

"Baba, ni zan tahi."

"To, Allah shi kiyaye hanya, shi ba da sa'a. Ka dai dawo kahin shuka."

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙin abin. Mai cin rani ba ƙaura ya yi ba. Rance ya karɓa daga shekara, zai kuma biya da dawowa. Hausa ta iya sarrafa kalmar "ci": ana cin kasuwa, a ci sarauta, a ci amana, a ci nasara. Da ta zo kan rani sai ta haɗa ma'ana biyu a wuri ɗaya. Wanda ya tafi ya cinye watannin zaman banza da aiki, sannan ya ɗauke bakinsa daga kan rumbun gida, hatsin da zai ci ya rage wa mata da yara har zuwa bazara, lokacin da tsaba ke tsada.

Abin ba ƙarami ba ne, kuma ba na yau ba ne. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙirga a hanyoyi da mashigan da ake bi a fita daga lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Kabi da Zamfara na yanzu. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero, wanda ya yi nazarin alƙaluman, ya ba da rahoton matafiya fiye da dubu 250 a rani ɗaya, mafi yawansu 'yan lardin, wasu kuma daga Nijar. Da yawa a ƙasa suke tafiya. Wasu gonakin koko na ƙasar Yarabawa suka nufa, wasu haƙar kuza a Jos, wasu har Kumasi da sauran garuruwan Gwalkwas, wato Gana ta yau. Jikokinsu yanzu mota suke shiga, su sauka Legas ko Ibadan ko Fatakwal ko Abuja, su yi acaba, dako, gadi, sayar da ruwa a kura, yankan farce, ko tura baro a kasuwa. Wani ya dawo da kuɗin taki da ɗan rago na turka, wani da kwanon rufi, wani da sadaki. Wani kuma ya dawo da sabuwar waya da tari.

Sai dai duk wannan labarin maza ne. Idan motocin suka tashi, wa ya rage a gari?

Mace a karkara ba ta san wani abu wai shi hutun rani ba. Da asuba tana bakin rijiya, kuma rijiyar ƙara zurfi take yi kullum har zuwa bazara. Daga nan sussuka, sheƙa, surfe, wanki, daka, tankaɗe, neman itace, girki, ga goyo a baya. A da can, idan hannu ya sami sararin minti goma, mazari da abawa ne ke cike shi. Sakkwatawa suna da kalma mai kyau ta irin lokacin da mutum ke iko da shi, suna ce masa zarafi. Matar ƙauye ta ƙarni na 19 ba ta da shi, kuma duk wanda ya so ya ba ta ilimi dole ya fara warware wannan matsala kafin ya buɗe littafi. Wadda ta warware ta ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ita da Hassan. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma ƙuruciyarta ta ƙare a kan hanya: yaƙin Tabkin Kwatto, na Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata masu yawa, zaman yunwa da ciwo a ƙasar Zamfara, sannan Gwandu da tashin hankalin Alwasa a 1805. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello kuma wazirinsa daga baya. Ta haifi 'ya'ya maza shida, na farkon ya rasu yana jariri. Gidan waziri ba wurin kaɗaici ba ne. Nan manzanni ke sauka, nan ake rubuta wasiƙun daula, kuma Giɗaɗo ne ya kula da masaukin Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824. A cikin wannan hayaniya ta yi rubutu na shekara 40 da ɗoriya, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya tsira daga ayyukanta ya kai 60.

Dole a faɗi gaskiya a nan, domin masu wa'azin amfani da lokaci sun saba tsallake ta. Asma'u 'yar babban gida ce, matar waziri, kuma irin wannan gida a wancan zamani yana da bayi da barori. Ba ita ke zuwa rijiya ba. Wanda ya ce wa matar da ke daka sau biyu a rana ta dubi Nana Asma'u ta rubuta littafi 60, bai yi mata adalci ba. Abin koyi a wurinta yana wani waje dabam: ta san wannan bambanci, kuma ta gina tsarinta a kan lokacin matan da ba su da irin gatanta.

Wajen shekarun 1830 ta fara tsarin da aka sani da 'yan taru. Daga kowane gari ko rukunin ƙauyuka ana zaɓar dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a kira ta jaji. Kalmar daga fatauci aka aro ta, domin jaji shi ne mai shiga gaban ayari ya nuna hanya. Asma'u da kanta take naɗa ta, ta ɗora mata malfa, babbar hular kaba mai faɗi, a ɗaure da jan ƙyalle. Wannan ma da hikima a ciki. Malfa tana cikin kayan girman Inna ta Gobir, shugabar mata da bori a tsohuwar daula, saboda haka matan karkara ba su buƙaci a yi musu bayanin matsayin wadda ta sa ta ba. An bar musu alamar da suka sani, an canza abin da take ɗauke da shi.

Idan kaka ta wuce, hanyoyi suka bushe, rafuka suka janye, sai jaji ta tara ayarinta su kama hanyar Sakkwato ko Wurno a ƙasa. Su wa ke cikin ayarin? 'Yan mata da ba su kai aure ba, da matan da suka gama haihuwa. Matan tsakiya, masu ciki da goyo da tukunya a wuta, suna gida. Tsarin bai yi musu ƙaryar cewa za su iya barin gida na makonni ba. Ya ɗauki waɗanda shekarunsu suka ba su zarafi, ya mai da su masu dakon ilimi zuwa ga waɗanda ba su da shi. Suna zuwa da sadakar da mata suka tara, hatsi da zuma da man shanu da zare, a raba wa mabuƙata da marasa lafiya. Su zauna su ɗauki karatu, su kawo tambayoyin da matan garinsu suka aiko da su, su juya gida kafin ruwa ya tare hanya.

Sai maganar abin da suke ɗauka a kai. Takarda tana da tsada, daga Arewacin Afirka ake kawo ta a bayan raƙumi, kuma mafi yawan waɗanda ake son karantarwa ba su iya karatu ba. Da yawansu ma Hausa kaɗai suke ji, wasu kuma matan da yaƙi ya raba da garuruwansu ne, sababbi a wannan rayuwa. Don haka Asma'u ta zuba karatun a waƙa, gajerun baituka masu amsa-amo, da Hausar da kowa ke ji. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a cikin baiti kimanin 30. Ta fara yin ta da Fulatanci a 1829, aka sami ta Hausa a 1838. Akwai masu koyar da tsarki da salla da azumi, masu tarihin Manzo, masu ambaton mata salihai na da da na zamaninta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna luguden daka zai gane dalilin. Taɓarya tana sauka da ƙa'ida, ɗaya na ɗagawa ɗaya na saukewa, har da tafi a tsakani idan hannu ya ƙware. Hannuwa suna aiki, ƙafa a kafe, ido a kan turmi, amma baki da kunne ba su da aikin yi, kuma tun asali waƙa ake cika su da ita. Littafi yana buƙatar a zauna, a wanke hannu, a sami haske. Waƙa ba ta buƙatar ko ɗaya. Tana shiga cikin daka da kaɗi da tafiyar rijiya ba tare da ta rage wa aikin komai ba, yarinyar da ke tankaɗe a gefe kuma ta haddace ba wanda ya zaunar da ita. Asma'u ba ta ƙara wa matan nan ko sa'a ɗaya a yini ba. Ta dai gano cewa a cikin sa'o'in da suka riga suka cika akwai ɗakin da babu kowa, ta shigar da karatu ciki.

Aikin jaji bai tsaya ga bita ba. Ita ke sasanta mata idan an saɓa, ta duba mai jego da mara lafiya, ta koya yadda ake wankan gawar mace, ta tattara sadaka. Ɗaya daga cikin jajojin, Hauwa'u, ta shekara da shekaru tana jagorantar ayarinta. Da ta rasu, wajen 1858, Asma'u ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da mijinta Giɗaɗo. Hauwa'u ba ta ci gari da yaƙi ba, ba ta bar littafi ba. Abin da ta yi shi ne duk rani ta ɗaura malfa ta shiga gaba, kuma ta haka sunanta ya iso gare mu.

Ƙasar Tambuwal tana da nata rabo a wannan gida. Yayan Asma'u, Muhammadu Buhari ɗan Shehu, shi ya zauna a Tambuwal yana tsaron wannan gefe na daula, ga shi kuma malami, mawaƙin Larabci da aka san shi da shi. Da ya rasu ita ma ta yi masa marsiyya. Baffansu Abdullahi na Gwandu ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano tun ana tsakar yaƙi, a lokacin da ya bar rundunar jihadi da niyyar wucewa gabas saboda abin da ya gani na son duniya a tsakanin jama'a. Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya bar rubuce-rubuce fiye da 100 duk da bai cika shekara ba tare da fita yaƙi ba. Babu ɗayansu da ya jira a zauna lafiya kafin ya ɗauki alƙalami, kuma da sun jira, da ba su rubuta komai ba, domin zaman lafiyar bai zo musu ba.

A yau rani ya sami wata amsar da ta rage wa tasha cunkoso. Inda duk akwai fadama ko ruwa a kusa da ƙasa, noman rani ya canza lissafin shekara. Kakanni da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, abin da bai wuce 'yan komaye kaɗan ba. Daga farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyi marasa zurfi, mutum ɗaya ya iya shayar da abin da a da sai gayya. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya wuce Tambuwal ya shiga Aliero a lokacin cirar albasa, hancinsa zai ba shi labari kafin idonsa. Buhuna ne jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu har da ƙasashen maƙwabta. Manomin da ke da damina 50 ya koma mai girbi 100. Ba kyauta ba ne: tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin shayarwa ya yi tsalle, wasu suka koma injin gas ko na hasken rana, wasu suka rage fili. A wasu sassan jihar kuma rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, damina da rani duka, wanda asara ce da ba a iya ɗora wa lalacin kowa.

Akwai kuma waɗanda ba su tafi ba, ba su sauka fadama ba. Majalisa ce tasu, a gindin dalbejiya ko gaban mai shayi, daga hantsi a bi inuwa tana juyawa har la'asar. A nan ake raba muƙaman Abuja, a sayar da 'yan wasan Ingila, a yanke hukunci a kan auren da ba a gayyaci kowa ba. Waya ta zo ta ƙara wa zaman daɗi, ta kuma cire masa iyaka, domin a da magariba ce ke tashin majalisa, yanzu sai caji ya ƙare. Ba a ce hira laifi ce ba. A majalisa ake jin wanda ba shi da lafiya, a haɗa gudummawar biki, a sami labarin aiki. Amma rani bakwai a jere a kan benci ɗaya, wata shida-shida, shekara uku da rabi ke nan cur. A ƙasa da haka yaro ke koyon ɗinki ko walda ko gyaran babur har a yaye shi, kuma a ƙasa da haka wasu ke sauke Alƙur'ani.

Abin lura shi ne matan sun fi riƙe darasin. A garuruwa da yawa na wannan yanki makarantun Islamiyya na matan aure da dare suke ci, ko tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da aka sauke tukunya ɗaya ba a ɗora ta biyu ba. Malaman da suka tsara haka wataƙila ba su taɓa tunanin Asma'u suke bi ba, amma lissafin ɗaya ne: a nemi inda yinin mace yake da rami, a zuba karatu a wurin. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, tana ambaton ta a matsayin abin koyi, makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta kuma ba su ƙirguwa a Arewa. Har a birnin Pittsburgh na Amurka an sami mata Musulmi da suka kira tsarin karatunsu 'yan taru.

Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ayarin bai tsaya ba. Ƙanwarta Maryam ta karɓi 'yan taru, bayanta aka ci gaba a zuriyar gidan, har Turawa suka ci Sakkwato a 1903 mata ba su fasa zuwa ba. Takardunta suka zauna a hannun zuriyarta, gidan waziri, har zuwa Waziri Junaidu, wanda ya buɗe su ga Jean Boyd, Baturiyar da ta shekara kusan 30 tana koyarwa da bincike a Arewa. Ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan suka buga a 1997, littafi mai shafi fiye da 700. A lokacin da Boyd take bincikenta, shekara 100 da ɗoriya bayan rasuwar Asma'u, ta sami jajoji da ransu, ta zauna da su, kuma har lokacin idan an gama kaka suna ɗaura malfa su kamo hanyar Sakkwato.